Rigimar Barcin Waya

'Yan uwa marubuta, makon nan tarihin wayar da muke rubutu a kanta za mu taɓa.

An gina Android a kan zuciyar Linux, wato kernel. Injiniyoyin Google suka ƙara wata dabara mai suna wakelock: waya ta yi barci da zarar ta samu sarari, sai dai in wata manhaja ta riƙe makulli ta ce aiki take. Da haka batir ke kai yamma.

A 2009 Arve Hjønnevåg ya miƙa dabarar don a shigar da ita babban kernel, aka ƙi karɓa. Masu adawa suka ce manhaja guda maras kyau za ta iya riƙe makullin ta shanye batir, kuma duk abin da ya shiga kernel sai an yi ta rainonsa shekara da shekaru. Mu a ganinmu hujja ta biyun ta fi nauyi. Amma ƙin ma yana da tsada, domin direbobin na'urorin Android sun dogara da wakelock, in babu shi ba su shiguwa. Har Greg Kroah-Hartman ya cire lambobin Android daga Linux 2.6.33, gida ya kusa rabuwa biyu.

A 2010 aka sake kawo shi da sunan suspend blockers, aka sake tafka muhawara, bai shiga ba. Rafael Wysocki ne ya gina wata hanyar a hankali, sai a Linux 3.5, cikin Yulin 2012, barcin kai-tsaye ya samu shiga.