Horar da Tsokokin Ƙasan Ƙugu a Matsayin Maganin Matsalar Fitsari ga Yara: Nazari don Amfanin Al'ummar Abbare, Jalingo

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar abin da masana suka tabbatar game da rawar da likitocin gashin ƙashi ke takawa wajen magance fitsarin kwance da yoyon fitsari ga yara, ta kuma auna shi da yanayin Abbare a Jalingo. Ta nuna cewa yara da dama sun fi buƙatar koyon sakin tsoka fiye da matse ta, kuma horon ba ya amfani sai an fara gano asalin cutar.

Gabatarwa

A gidajenmu, yaron da ke fitsarin kwance yakan sha gori da suna amalala, wani lokaci har da bulala. Alhali ƙungiyar masana riƙon fitsarin yara ta duniya, ICCS, ba ta ɗaukar lamarin a matsayin larura sai yaro ya cika shekara 5. Kusan kashi 15 cikin 100 na 'yan shekara 5 suna jiƙa shimfiɗa, kuma abin yakan bi jini. Don haka larura ce da ke neman magani, duka kuwa sai dai ya ƙara wa yaro fargaba.

Yadda Matsalar Take

Tsokokin ƙasan ƙugu su ne ke tallafe mafitsara da dubura. Aikinsu su riƙe fitsari yayin da mafitsara ke cika, su saki gaba ɗaya yayin da ake zubar da shi. Likitan Amurka Arnold Kegel ya bayyana atisayen matse su a 1948, domin mata masu yoyon fitsari. Sai dai wasu yara matsewar ce ta yi musu yawa. Za a ga yarinya ta harɗe ƙafafu ko ta zauna a kan dunduniyarta don ta danne fitsari, idan ta tsuguna kuma sai ya riƙa fita yana yankewa. Ragowar da ke kwana a mafitsara ita ke jawo ƙwayoyin cuta.

Taurin bayan gida ma yana danne mafitsara. A binciken Loening-Baucke na 1997 kan yara 234, warkar da shi ya kawar da yoyon rana ga kashi 89 cikin 100 na masu fama da shi, da na dare ga kashi 63.

Tattaunawa

Kafin a fara horo a Abbare, wajibi ne a gwada fitsarin yaro. Tsargiya sananniya ce a kwarin Binuwai, inda yara ke wanka a rafuka. Sikila kuma tana hana ƙoda tattara fitsari, ciwon suga yana yawaita shi. Atisaye ba ya warkar da ko ɗaya daga cikinsu.

Bayan haka, iyaye su rubuta lokutan shan ruwa da fitsari na kwana 2. Yaro mai lafiya yakan yi fitsari sau 4 zuwa 7 a yini. Ana kimanta girman mafitsararsa ta hanyar ƙara 1 a kan shekarunsa, a ninka da mililita 30. Likita zai koya masa zuwa bayi duk bayan sa'a 2 zuwa 3, ya ɗora hannu a cibiya, ya ja numfashi har cikin ya taso, ya saki fitsari ba tare da yunƙuri ba. Tsugunon da aka saba a masai yana taimakawa, muddin tafin ƙafa ya dafe ƙasa. Horon ya fi tasiri ga matsalar rana. Fitsarin dare zalla ya fi jin na'urar ƙararrawa ko maganin desmopressin bisa umarnin likita.

Kammalawa

Ya kamata a horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi na Abbare su riƙa tantance waɗannan yara, su tura masu tsananin larura Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Taraba da ke Jalingo. Malaman firamare da na Islamiyya kuma su daina hana yaro fita idan fitsari ya matse shi, makarantu su tanadi bayi mai tsabta da ruwa.