makullī

makullī [sama-sama-sama], sn., nj.; jm. màkùllai.

1. Abin da ake kulle ƙofa ko akwati da shi, ko buɗe su. Mis.: *Ya rataya ~n shago a wuya.*

2. (tuƙi) Ɗan ƙarfen tada injin mota ko babur. Mis.: *Yaya, ba ni ~n, idonka ya yi ja.*

3. ~n numfashi (sabo, shari'a): na'ura mai girman wayar hannu da ake haɗawa da wayoyin tada injin motar wanda aka kama yana tuƙi cikin maye. Sai direba ya hura iska a bakinta. In ta ji barasa fiye da kima, mota ba ta tashi. Ana cikin tafiya ma takan nemi ya sake hurawa, ta ajiye sakamakon don hukuma. Jihar New Mexico ta Amurka ta wajabta ta a 2005 kan duk wanda kotu ta samu da laifin. Faransa ta sa ta a manyan motocin fasinja tun 2015.

*Lura:* barasa kaɗai na'urar take ganewa. A Yankwashi, Roni, Gwiwa da sauran Jigawa, inda shari'ar Musulunci ta shekarar 2000 ta haramta giya, abin tsoro a hanyar Kano–Kazaure–Daura shi ne tiramol, kodin da wiwi, waɗanda na'urar ba ta ji. Wannan giɓi ne babba.

*Dangogi:* kullḕ (fi.), kùllu (fi.); kùllallē (sif.), mc. kùllalliyā, jm. kùllàllū, à kùlle (byn.).

*Dubi:* mabuɗi, kwaɗo, maye.