Asalin kalmar jini a Ibranancin Tsohon Alkawari

Kalmar da Ibrananci yake kiran jini da ita, wato *dam*, tana cikin tsofaffin kalmomin harsunan Samawa, dangin da ya haɗa Larabci da Aramiyanci da Akkadanci da Gi'izancin Habasha. Duk almajirin da ya yi karatun fiƙihu ya san ta, domin da Larabci ma *dam* ake cewa, Akkadawan Iraƙi ta dā kuwa *damu* suke rubutawa. Masana na gane tsufanta ne daga gininta, saboda yawancin kalmomin wannan dangi a kan saiwa mai baƙaƙe uku suke tsayawa, ita kuwa baƙi biyu kacal gare ta, *dalet* da *mem*, kamar *yad* (hannu) da *shem* (suna). Ta zo wajen sau 360 a Tsohon Alkawari.

A nahawu suna ne namiji, idan kuma aka liƙa mata ɗafa-ƙeyar mallaka sai ta zama *dami* (jinina) ko *damo* (jininsa). Amma inda hikimar harshen take shi ne bambancin tilo da jam'i. Wilhelm Gesenius, Bajamushen da ya fara fitar da littafinsa na nahawun Ibrananci a 1813, littafin da wasu masana suka yi ta faɗaɗawa bayansa, shi ake yawan komawa gare shi a wannan batu: tilo yana nuna jini a matsayin abu guda, ko a jiki ko a kwanon hadaya, jam'i kuwa, wato *damim*, galibi jinin da aka zubar yake nufi, har ma da alhakin da ke hawa kan wanda ya zubar. Shi ya sa a labarin Habila da Kayinu, a sura ta 4 ta Farawa, jinin da ke kuka daga ƙasa da jam'i ya zo, haka nan lokacin da wani mutum mai suna Shimai ya zagi Dawuda da mai kisa, da kuma lokacin da annabi Nahum ya la'anci birnin Nineba. Malaman Mishna, littafin Yahudawa da aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, sun fassara jam'in nan na Habila da cewa jininsa ne haɗe da na zuriyar da ba ta samu haihuwa ba. Wannan wa'azi ne mai ƙarfi, ko da yake ba hukuncin nahawu ba ne. Ƙa'idar tilo da jam'in ma ba ta rufe ƙofa ba, tunda jinin marar laifi da aka kashe sau da yawa da tilo yake zuwa.

Akwai masu danganta *dam* da *adom* (ja) da *adam* (mutum) da *adama* (ƙasa). Marubutan Tsohon Alkawari da kansu sun yi wasa da wannan kamannin sauti, musamman a Farawa 9:6 inda aka kafa hukuncin kisan kai, sai dai kamannin sauti ba ya tabbatar da asali ɗaya, kuma masana ba su haɗu a kan ra'ayi guda ba.