BAYANI: Yadda ake gano matsalar wayar girke mai aiki da intanet, daga wuta zuwa murya

A ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a duk faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnan wancan lokaci, Bello Matawalle. An ce mako biyu za a yi. Gusau ba ta samu sabis ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Bayan 'yan watanni, a ranar 6 ga Mayu, 2022, 'yan bindiga suka far wa Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe a Ƙaramar Hukumar Bakura, inda hukumomin yankin suka ce an kashe aƙalla mutum 48. A ƙauyukan da ke tsakanin Bakura, Talata Mafara da Maradun, kira ɗaya yana iya zama gargaɗin da zai ba mutum damar tsira.

Shi ya sa asibitin ƙauye, makaranta, shago ko gidan da ya samu intanet yake da dalilin neman layi na biyu wanda ba ya cikin aljihun mutum ɗaya. Ɗaya daga cikin hanyoyin shi ne wayar girke da ake haɗawa da intanet ta wata ƙaramar na'ura, adafta, wadda masu sana'ar ke kira ATA. Wannan bayani ya jero wuraren da take lalacewa da yadda ake gano kowanne.

Mene ne adafta, kuma me take yi?

Wayar girke ta zamanin NITEL tana aika murya ne ta wayar tagulla. Wancan layi ya mutu a mafi yawan garuruwan Arewa bayan zuwan wayar salula a 2001. Adafta tana karɓar muryar daga wayar girke, ta mayar da ita bayanan kwamfuta, ta aika ta intanet zuwa kamfanin da ya ba ka lamba. Tsarin gaba ɗaya sunansa VoIP, yaren da adafta ke magana da kamfanin kuma SIP. Samfuran da aka fi sani sun haɗa da Grandstream HT801 da HT802, da Cisco SPA112.

Abubuwa huɗu ne ke riƙe da kira, kamar zoben sarƙa: wuta, intanet, rajistar layi, sai hanyar murya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara taɓa saitin adafta alhali matsalar tana wajen caji ko data. A bi su a jere.

Mataki na ɗaya: wuta da kebul

A ɗaga kan waya. Idan babu ƙarar layi ko kaɗan, a duba fitilun adafta. Zamfara tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, kuma inda wuta ke zuwa da rauni ko janareta ke hawa da sauka, adafta kan mutu ta farfaɗo ba tare da an lura ba. Wasu samfuran suna aiki da wuta volt 5 ta bakin USB, don haka batirin cajin waya ko ƙaramin sola ya ishe su. Sai dai na'urar rarraba intanet, wato rauta, ita ma tana buƙatar nata tanadin. Adafta mai wuta a bayan rauta da ta mutu ba ta da amfani.

A bayan adafta akwai ƙaramin rami na waya da babban rami na kebul ɗin intanet. Wayar girke tana shiga ramin da aka rubuta wa Phone ko FXS. Wanda aka rubuta wa FXO ko Line na tsohon layin tagulla ne. Wayoyin gwanjo da suka fito daga Ingila suna da kai daban, kuma sau da yawa sai an sa musu mahaɗi kafin su yi ƙara. Tsohuwar waya mai juyawa da yatsa kuma adaftoci da yawa ba sa gane lambobinta.

Mataki na biyu: intanet ya iso adafta?

Yawancin adaftoci ba su da Wi-Fi, kebul suke buƙata. Ƙaramar MiFi ta aljihu galibi ba ta da ramin kebul, don haka sai rauta mai sim da ke da shi. Rautar Starlink ta ƙarni na biyu ma ba ta da ramin, sai an sayi mahaɗinta daban. Ta ƙarni na uku tana da shi.

Adafta tana iya faɗin adireshinta da baki. A Grandstream, a danna alamar tauraro sau uku sannan 02. A Cisco SPA112, tauraro sau huɗu sannan 110 da alamar #. Idan ta karanto sifili huɗu, rauta ba ta ba ta adireshi ba: a canja kebul, a canja rami, a kashe rauta a kunna, sannan adafta. Idan ta karanto adireshi irin mai farawa da 192.168, a rubuta shi a burauzar waya ko kwamfutar da ke kan rauta ɗaya, shafin saiti zai buɗe.

Kafin a ci gaba, a tabbatar akwai data kuma sim ɗin rauta yana aiki. Tun Disamba 2020 gwamnati ta wajabta haɗa sim da lambar NIN, kuma an sha rufe layukan da ba a haɗa ba. Wani lokaci laifin yana nesa da Zamfara: a ranar 14 ga Maris, 2024, manyan kebul na ƙarƙashin teku huɗu sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya na kwanaki. A irin wannan rana babu saitin da zai gyara komai.

Mataki na uku: rajistar layi

Shafin farko na adafta yana nuna ko layi ya yi rajista da kamfani ko bai yi ba. Abu huɗu kamfanin ke bayarwa: adireshin uwar na'urarsa, lambar mai amfani, sunan tantancewa da kalmar sirri. Harafi ɗaya ko gurbi ɗaya da ya shiga wajen kwafa ya isa ya hana rajista. Lambobin da adafta ke nunawa suna da ma'ana:

401 ko 403 da ke maimaituwa: kalmar sirri ko suna ba daidai ba, ko kamfani ya dakatar da asusun.

404: kamfani bai san lambar ba.

408: an aika saƙo babu amsa, matsalar tana hanya ko adireshin kamfani kuskure ne.

486: wanda aka kira yana kan wani kira.

503: na'urar kamfani ce ba ta aiki a lokacin.

SIP yana bi ta ƙofa mai lamba 5060, ko 5061 idan an rufe shi da tsarin sirri na TLS. Idan 408 ya ƙi tafiya, a tambayi kamfani ko yana da wata ƙofar. Mai amfani da TLS kuma ya duba agogon adafta, domin bayan ɗaukewar wuta kwanan wata na iya komawa baya, kuma da kwanan wata na ƙarya tantancewa ba ta yiwuwa.

Mataki na huɗu: murya

A nan aka fi shan wahala, domin layi ya yi rajista amma kira ba ya tafiya daidai. Alamu uku sun fi yawa: ana jin ɓangare ɗaya kawai, kira yana yankewa bayan kamar daƙiƙa 30, ko ana iya kira amma ba a iya kiranka.

Dukkansu tushensu ɗaya. Kamfanonin salula, da Starlink wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, suna tara masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya na intanet. Saƙon da ya fita yana samun hanya, wanda zai shigo kuwa yakan rasa ƙofar gidan da zai ƙwanƙwasa. Magani uku ake gwadawa. A shiga saitin rauta a kashe SIP ALG, wanda aka yi shi don taimako amma yakan ɓata saƙon. A kunna NAT Keep Alive a adafta domin ta riƙa tuna wa hanya cewa tana nan. A rage tazarar sabunta rajista zuwa minti ɗaya ko biyu. Idan an jera rauta biyu, a sa adafta a ta farko, wadda intanet ke shigowa ta cikinta.

Muryar da ke tsinkewa ko zuwa a makare matsalar cunkoso ce. Ƙa'idar Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ita ce kada jinkirin murya ya wuce kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa daga baki zuwa kunne. Idan yara suna kallon bidiyo a rauta ɗaya, murya ce ke fara wahala. Salon matse murya ma yana da tasiri. G.711 ya fi tsabta, yana cin kusan megabait 80 a awa ɗaya. G.729 yana cin kusan 30, kuma ya fi jure sabis mai rauni. Amsa-kuwwa kuwa sau da yawa daga tsohuwar waya ko doguwar igiya take, a gwada wata wayar kafin a zargi kamfani.

Lambar da ta ƙi shiga

Wasu kamfanoni suna son lamba da 234 a gaba ba tare da sifili ba, wasu suna karɓar ta yadda aka saba. Idan adafta na yin shiru kafin ta buga, a danna # a ƙarshen lamba. A kuma sani cewa daga 1 ga Janairu, 2024, NCC ta ƙara 02 a gaban lambobin wayar girke na ƙasar, ta yadda 01 na Legas ya koma 0201, 09 na Abuja ya koma 0209. Adaftar da aka saita da tsohon tsarin lambobi tana iya ƙin sababbin.

Tsaro da iyakar abin

Adafta da aka bari da kalmar sirrin kamfanin ƙera ta ganima ce ga ɓarayin intanet, waɗanda ke amfani da asusun mutane su buga kiran ƙasashen waje. A canja kalmar a ranar farko, a rufe kiran ƙetare idan ba a buƙatarsa. Maɓallin mayar da na'ura yadda ta fito daga kamfani shi ne matakin ƙarshe, domin yana goge komai, kuma ba a taɓa shi sai bayanan asusu suna rubuce a takarda.

Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma ba kowane layin VoIP ke isa gare ta ba, musamman idan kamfanin na ƙasar waje ne. A tambayi kamfani tun kafin a biya kuɗi, a kuma liƙa lambobin ofishin 'yan sanda, asibiti da mai unguwa kusa da wayar. Ƙorafin da kamfanin sadarwa na cikin gida ya ƙi saurara ana kai shi ga NCC ta lamba 622, kyauta.

Tambaya mafi nauyi ita ce ko wannan waya za ta yi aiki idan aka sake rufe sabis kamar a 2021. Idan intanet ɗinta daga sim yake, a'a: turken da ke ba wayar salula sabis shi ne ke ba rauta, tare za su mutu. Idan daga tauraron ɗan'adam yake, adafta za ta rayu, ta kira Sakkwato ko Abuja, amma ba za ta samu maƙwabcin da wayarsa ke jiran turken da aka kashe ba. Wanda bukatarsa kira kawai ce a inda sabis ke da ƙarfi, wayar tebur mai sim ta fi sauƙi da araha. Adafta tana biyan kuɗinta ne a wurin da hanyar intanet ta bambanta da ta salula, kuma akwai batirin da zai riƙe rauta da adafta tare har gari ya waye.