Gyambon da ke zuwa bayan wankin ƙoda

A shekarar 1898 wasu likitoci biyu na asibitin Guy's da ke Landan, Bryant da White, suka ba da rahoton wani jariri mai ciwon ƙoda wanda jijiyoyin jininsa suka ƙandare, ƙafarsa ta ruɓe. Sunan da ake kiran cutar da shi yau, kalsifilaksis, ya fito ne daga Hans Selye na Jami'ar Montiriyal, wanda ya wallafa littafi a kai a 1962 bayan gwaje-gwaje kan ɓeraye. Sunan bai dace sosai ba, domin fatar ɓerayen ce ta taurare, alhali a jikin ɗan Adam ƙananan jijiyoyin ƙarƙashin fata ne ke toshewa.

Ƙodar da ta gaza ba ta fitar da sinadarin fosfet yadda ya kamata. Idan ya taru, sai ya haɗu da kalsiyam da ke zubowa daga ƙashi, su daskare a bangon jijiya. Jini ya daina isa ga fata, tabo mai tsananin zafi ya fito a cinya ko ciki ko sha-raɓa, ya yi baƙi, ya zama gyambo. Kusan rabin masu shi kan rasu cikin shekara guda, galibi saboda ƙwayoyin cuta sun shiga jini.

Kafin 1960, lokacin da Belding Scribner ya samar da hanyar maimaita wankin ƙoda a Amurka, mara lafiya ba ya daɗewa har a ga wannan. Haka lamarin ya kasance a kwarin kogin Haɗeja, daga Haɗeja har Gashuwa, yankin da ya yi ƙaurin suna da ciwon ƙoda. Tafiya Kano da kuɗin wanki sau biyu ko uku a mako sun fi ƙarfin manomi da masunci. Asibitin Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002, amma kaɗan ne suka kai nan.

Yanzu da ake wankin ƙoda a babban asibitin Haɗeja, majinyata za su ƙara kwana, irin wannan gyambo kuma zai iya bayyana. Akwai haɗarin a ɗauke shi gyambon ciwon suga, ko a ce jifa ne a nufi wajen mai magani. Injin wanki kaɗai bai wadatar ba: ana bukatar awon fosfet akai-akai, da wanda zai zauna da majinyaci kan batun nono da wake da busasshen kifi, abincin da gidajen yankin suka dogara da shi, wanda kuma ke cike da fosfet.