Takin naman kaza: inda ake samunsa da yadda ake sa shi a lambu

Takin naman kaza, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi, shi ne ragowar haɗin da aka noma naman kazan a kansa bayan an gama girbi. A Turai da Amurka ana yin haɗin da karan alkama da kashin doki da na kaji. A Nijeriya kuwa galibi garin katako ne da dusar shinkafa da ɗan alli, a ɗure cikin leda.

Amfaninsa ga ƙasa irin ta Illela a fili yake. Ƙasar yankin rairayi ce, ruwa ba ya zama a cikinta, damina kuma ba ta cika wuce watan Yuni zuwa Satumba ba. Wannan taki yana sa ƙasa ta riƙe laima, a rage yawan ban-ruwa, a lambun gida ko a fadamar Kalmalo. Sai dai abincin shuka da ke cikinsa kaɗan ne, don haka ba ya maye gurbin takin dabbobi ko na zamani.

Inda ake samunsa

Gonakin naman kaza sun fi yawa a kudancin ƙasar nan da kewayen Abuja, kuma cibiyoyin bincike irin su FIIRO a Legas da NIHORT a Ibadan suna koyar da nomansa. Hanya mafi sauƙi ga mutumin Illela ita ce ya yi magana da direbobin da ke kai shanu da albasa kudu, su ɗauko masa buhuna a komowa. Mai saye ya tambayi abin da aka yi haɗin da shi, da tsawon lokacin da ya yi a ajiye. Wanda ke warin ruɓa ko ya cika da koren fumfuna, a bar shi.

Inda haɗarin yake

Sabon takin yana ɗauke da gishiri, musamman wanda aka haɗa da kashin dabbobi, gishiri kuwa yana ƙona iri da ƙananan dashe. Inda ruwan sama ya yi ƙaranci, gishirin ba ya wankewa, sai ya taru ya yi fari-fari a saman fangali. Garin katakon da bai ruɓe ba shi ma yana janye sinadarin nitirojin daga ƙasa, ganye ya koma rawaya.

Yadda ake amfani da shi

A cire ledojin, a farfasa curin, a gauraya da kashin awaki ko na shanu, a tara a inuwa. A riƙa jiƙa shi ana juyawa na wata 3 zuwa 6. Idan damina ta bi ta kansa ya fi. Mai juyawa ya rufe hanci da baki saboda ƙurar fumfuna, ya kuma wanke hannu.

Kafin a kai lambu, a gwada: a shuka wake a tukwane 2, ɗaya da takin, ɗaya da ƙasa zalla. Idan na cikin takin ya ƙi tsirowa ko bakin ganyensa ya ƙone, takin bai nuna ba. Idan ya nuna, a haɗa kashi 1 na taki da kashi 3 na ƙasa. Kada a yafa irin albasa ko tumatir a kan takin zalla.

Duk laimar da ta tsiro a kan tulin ko a fangali, kada a ci, a kuma hana yara taɓawa, domin mai dafi kan yi kama da wadda ake ci.