Daga Toka Zuwa Ɗakin Shawara: Tarihin Da Ya Haifi Dr. Frost

A shekarar 1972, wani yaro ɗan firamare a birnin Seoul ya rasa ransa yana kwaikwayon abin da ya gani a littafin zane, inda jarumi ke mutuwa ya sake tashi. Koriya ta Kudu ta ɗauki zafi. Aka bi shagunan hayar littattafan zane, waɗanda suke kira manhwa, ana kwashewa ana cinna musu wuta a bainar jama'a. Dama tun farkon mulkin soja na Park Chung-hee a 1961, ba a buga irin wannan littafi sai masu tacewa sun duba shi. A idon iyaye da malamai, manhwa guba ce mai lalata tarbiyya.

Wannan sana'a da aka wulaƙanta ita ce, bayan shekara kusan 40, ta ɗauki maganar da manyan ƙasar suka daɗe suna rufewa, wato ciwon da ke cikin rai.

Sai mai karatu ya san yadda abin yake a can. Koriya ba ta samu dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ba sai a 1995. A takardun asibiti, cututtukan ƙwaƙwalwa suna ɗauke da lambar da ta fara da harafin F, kuma mutane da yawa sun riƙa gudun likita don tsoron kada harafin nan ya bi su wajen neman aiki, ko inshora, ko aure. Abin da aka haɗiye kuwa ba ya ɓacewa. Koriyawa ma suna da sunansa, hwabyeong, ciwon wuta: baƙin cikin da aka danne shekara da shekaru har ya koma nauyi a ƙirji da zafi a jiki, yawanci ga matan aure masu manyan shekaru. Sannan ga karayar tattalin arziki ta 1997, wadda ta raba ɗimbin magidanta da ayyukansu. Daga farkon shekarun 2000, ƙasar ta riƙa zama kan gaba wajen yawan masu kashe kansu cikin ƙasashe masu arziki na ƙungiyar OECD.

Karayar nan ta durƙusar da mujallun zane, sai masu zanen suka yi hijira zuwa intanet. Daum ya buɗe shafinsa na labaran zane a 2003, Naver ya biyo baya a 2004. Kyauta ake karantawa, ana jan hoto daga sama zuwa ƙasa, kuma, abin da ya fi muhimmanci ga zancenmu, mutum yana karantawa shi kaɗai babu mai leƙa shi.

A wannan fage Lee Jong-beom, wanda ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Yonsei, ya fara Dr. Frost a Naver cikin 2011, shekarar da ƙasar ta kafa dokar yaƙi da kisan kai. Jarumin, Baek Nam-bong, matashi ne mai farin gashi fat, yana aiki a mashaya da kuma ɗakin ba da shawara na wata jami'a. Yana karanta mutum daga zamansa, da inda ya ajiye hannu, da abin da ya ƙi faɗa. Amma shi kansa ba ya jin tausayi irin na sauran mutane. Nan hikimar labarin take: mai ilimin ya san sunan kowane ciwo bai san ɗanɗanonsa ba, mataimakiyarsa Yoon Seong-ah kuwa tana jin zafin mutane tun kafin ta san sunan abin da ke damunsu. Babu wanda ya isa shi kaɗai.

Masu shigowa ɗakin ba masu tsince-tsince a bola ba ne. Ɗalibai ne da ma'aikata, masu wanka da kwalliya, waɗanda fargaba ko damuwa ke ci a ɓoye. A ganina wannan shi ne babban aikin da labarin ya yi, domin ya raba zuwa wurin mai ba da shawara da kalmar hauka. Yana da nasa rauni. Frost kan warware matsala kamar ɗan sandan ciki mai bin sawun ɓarawo, alhali jinyar rai a zahiri tafiyar hawainiya ce, wata da watanni, wani lokaci ma a koma baya. Tashar OCN da ta mayar da shi wasan talabijin a 2014 ta ƙara ja da shi wajen binciken laifuka.

Lee ya yi shekara 10 yana jan zaren. Kafin ya rufe labarin a 2021, Seong-ah ta zama ƙwararriya mai tsayawa da ƙafarta, tambayar kuma ta tashi daga ciwon mutum ɗaya ta koma kan jama'a: yadda ake hura ƙiyayya a zukatan mutane har taro ya far wa wanda bai taɓa sani ba.